Ɗan Hakin Da Ka Raina

Kowane zamani da irin ƙarar da yakan zo wa mutanensa da ita. Kakanninmu a Kano sun fara jin jiniyar jirgin ƙasa tun daga 1911, har suka riƙa auna lokaci da ita. Mu kuma mun tashi ne da kukan akwatin rediyo a zaure da rugugin injin niƙa a bakin layi. To amma 'ya'yanmu da suka yi wayo bayan shekarar 2012, wata ƙara ce daban ta zauna musu a kunne, wato ɗan kukan nan mai tsini da sandar caje mutane kan yi a ƙofar masallaci, da ƙofar coci, da tasha, da makaranta, da asibiti, kai har da gidan biki. Wasu sikana suke ce mata, wasu su ce na'urar bincike, wasu kuwa sanda kawai suke kiranta.

Na san mai karatu ba ya bukatar a tuna masa dalilin zuwanta, amma ba laifi a faɗa saboda na baya. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 aka kai wa Kano harin da ya ci rayuka aƙalla 185. Ranar 18 ga Maris na 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta Sabon Gari. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 wani ya shiga taron ɗalibai na safe a wata makarantar sakandare a Potiskum sanye da kayan makaranta, ya hallaka yara kusan 50. Kwana 18 bayan haka, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, aka afka wa babban masallacin Juma'a na cikin birnin Kano ana tsakiyar salla, inda fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. Daga wannan rana babu unguwar da ta sake yin barci da ido biyu.

Mu ma a unguwarmu sai aka kafa kwamitin tsaro na masallacin Juma'a, aka bi gida-gida aka tara karo-karo, aka sayo sanda biyu, ɗaya don babbar ƙofa, ɗaya don ƙarama. Ni kuma aka ɗora mini sakatare, ba don komai ba sai don an ce malamin makaranta ba ya rasa biro a aljihu. Samari 'yan agaji su ne suka ɗauki aikin tsayuwa a ƙofa, ba albashi, ba alawus, sai dai "sannunku" da "Allah Ya saka".

Ba labarin wancan tashin hankali nake son bayarwa ba, domin waɗanda suka fi ni alƙalami sun rubuta, kuma za su ci gaba da rubutawa. Abin da nake son mu tattauna a kai ɗan ƙanƙanin abu ne wanda bai kai ƙwallon dabino girma ba, wato makunnin da ke jikin mariƙin wannan sanda, inda babban yatsa kan sauka. Na yi shekaru ina juya al'amarinsa a raina, kuma kullum sai in ga cewa masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kafin mu kai ga makunnin, bari in ɗan bayyana yadda sandar ke aiki, gwargwadon abin da ya dace da wannan fili. A cikin faffaɗan kan nata akwai siririyar waya ta jan ƙarfe da aka naɗe zagaye-zagaye. Idan aka kunna, batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, mai ƙarfin bolt 9, yakan tura wuta mai kai da komo cikin wayar, sai wani ƙarfin maganaɗisu da ido ba ya gani ya kewaye kan sandar. In wannan ƙarfi ya ci karo da ƙarfe, ko mabuɗi ne, ko wuƙa, ko ƙusa, sai wata 'yar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, ita kuma ta mayar da martani da nata maganaɗisun. Wannan martani shi sandar kan ji, sai ta yi kuka, ko ta girgiza a hannu, jar fitila ta kama. Tushen wannan ilimi tun 1831 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano shi. Da shi ne wani hafsan soja ɗan ƙasar Folan, Józef Kosacki, ya ƙera na'urar neman nakiyar da aka binne a ƙasa a 1941, wadda aka yi aiki da ita a fagen yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Da shi ne kuma aka fara tilasta caje fasinjojin jirgin sama a Amurka daga farkon 1973. Wato dai abin da ɗan agajinmu ke riƙe da shi a ƙofa yana da dogon asali.

Sai dai fa ita wannan sanda harshe biyu gare ta, kuka da shiru. Idan ta yi kuka, nan take ake bin bahasi: "Malam, mene ne a aljihu?" Mutum ya fito da waya ko mabuɗi, magana ta ƙare. Ko da kukan ƙarya ta yi, ba a minti ɗaya an gane. Amma idan ta yi shiru, ba mai tambayar ta dalili. Alhali kuwa shirun nata fassara biyu gare shi. Ko dai tana cewa "na duba, babu komai," ko kuma tana cewa "ni fa a mace nake." A kunnen mutum waɗannan maganganu biyu ba su da bambanci ko na anini. Abin da ke raba su shi ne wannan ɗan makunni, da wata 'yar koriyar fitila da ba ta kai ƙwayar dawa ba, wadda hasken ranar azahar kan shanye ta har ba a ganin ko tana ci.

A wata Juma'a ta watan Janairun 2015, ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari, na iso babbar ƙofa da tarin mabuɗan ɗakin ajiyar kwamiti a aljihun gefe. Mabuɗai bakwai ne a zobe ɗaya, waɗanda kowane mako sai sandar ta yi musu ihu tun ban gama ɗaga hannu ba. Ran nan yaron ya shafa ni dama da hagu, gaba da baya, shiru kake ji. Na koma gefe na zuba ido. Mutum uku suka wuce, cikinsu har da wani mai agogon ƙarfe a hannu da waya a aljihun gaba, sandar ba ta ce uffan ba. Sai na ji wani sanyi ya ratsa ni wanda ba na hunturu ba ne. Nan da nan na raɗa wa shugaban 'yan agajin, aka rufe ƙaramar ƙofa, aka kawo ɗaya sandar babbar ƙofa, aka ƙara mutum biyu masu laluben hannu. Ba wanda ya lura a cikin jama'a, kuma haka muka so, domin a kwanakin nan ko tayar mota ce ta fashe sai mutane su tattake juna.

Bayan an sallame na ja yaron gefe. Saurayi ne ɗan kimanin shekara goma sha tara, yana koyon ɗinki, kuma duk cikin 'yan agajin ba wanda ya kai shi sammako.

Na ce, "Ɗana, tun yaushe sandar nan take haka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, yau mako na uku ke nan. In na danna da ƙarfi na riƙe sai ta kama, in yatsana ya gaji na sassauta sai ta ɗauke. Yau kuwa ko na danna ƙi take yi."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Tsoro nake ji a ce ni na yar da ita, a ce in biya, ni kuwa ko kuɗin zare ba ni da shi. Kuma Baba, na ga ko ba ta kuka, ai ganinta ma kaɗai ya isa ya tsorata mugu."

Wannan magana tasa ta biyu ita ce ta hana ni barci a daren, domin ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Manomi ma yakan kafa mutum-mutumi a gona, tsuntsaye su gudu, alhali tsumma ne da kara. Amma da na auna sai na ga inda misalin ya karye. Tsuntsu ba ya zuwa gwaji. Mugun mutum kuwa yakan zo yau da ƙarfe a aljihu don ya ga ko za a kama shi, in ya wuce lafiya gobe ya dawo da abin da ya fi ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bugu da ƙari, matacciyar sanda tana kashe idon mai riƙe da ita da na jama'ar da ke kallo. Da a ce babu sandar sam, da kowa ya buɗe ido, a lura da baƙuwar fuska, a lura da rigar da ta yi kumburin da bai dace ba. Amma da yake ana ganin ana shafa ta, sai kowa ya saki jiki, ya ce ai an caje. Ashe ke nan ƙofar da ba sanda ta fi ƙofar da ke da matacciyar sanda tsaro.

Da kwamiti ya zauna, wasu suka ce a sayo sabuwa. Ma'aji ya buɗe littafi, aka ga abin da ya rage ko rabin kuɗinta bai kai ba, ga shi kuma 'yan kasuwa sun tsawwala saboda kowa nema yake. Sai wani dattijo ya ce, "Kafin a binne ta, a kai ta wurin Baba mai rediyo mana." Aka kuma yanke cewa daga ranar duk ɗan agajin da kayan aiki ya lalace a hannunsa ba zai biya ko kwabo ba, muddin ya faɗa da wuri. A ganina wannan hukunci shi ne gyara na farko da aka yi wa sandar, tun kafin a kwance ta.

Baba mai rediyo tsoho ne da ya haura saba'in, rumfarsa ta kwano na bakin kasuwar unguwarmu tun ina ɗan firamare. Tun da wayar hannu ta zo ta janye masa masu kawo rediyo da rikoda, sai ya koma gyaran tocila, da fanka, da fitila mai caji. Ranar Asabar da hantsi na je, na tafi da yaron don ya gani da idonsa. Muka gaisa, na miƙa sandar.

Ya juya ta, ya ce, "Malam, ban taɓa buɗe irin wannan ba. Amma duk abin da ke cin batir ɗan gida ɗaya ne. Zauna mu tambaye ta."

Abin da ya fara yi shi ne cire batir. Ya ɗora shi a kan harshe, ya yamutsa fuska, sannan ya ce harshe na iya ƙarya, ya jawo mitarsa mai allura ya auna, allurar ta tsaya dab da 9. Ya duba maɓallan da batirin ke maƙalewa, ba tsatsa, ba sako-sako. Ya ce da yaron, "Ka gani ko? Kullum ka fara da abin da ya fi sauƙi. Rabin kayan da ake kawo mini a ce sun mutu, yunwa ce kawai ke damun su." Daga nan ya ɗauki ƙaramin sukundireba ya kwance mariƙin, yana jera sukurorin a kan murfin gwangwanin madara bisa tsarin da ya cire su. Ya raba mariƙin biyu a hankali kamar mai ɓare ƙwai, yana nuna mana wasu wayoyi sirara kamar gashi da suka taho daga kan sandar. Ya ce in ɗaya ta tsinke a can ciki, to sai dai a yi mata salla.

Makunnin irin mai lilo ne, mai matsayi uku: in ka danna gaba ta yi aiki da kuka, tsakiya a kashe, in ka danna baya ta yi aiki da girgiza. A bayansa ƙafafu uku ne da aka liƙe da dalma a jikin ɗan koren allon da masu gyara ke kira fanel. Baba ya mayar da batir, ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa ƙafar tsakiya da ta gefe. Nan take koriyar fitila ta kama, sandar ta tsala kuka saboda sukundireban da ke kusa da ita. Ya yi murmushi ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Mai gadin ƙofarta ne ya yi barci." Wato ya tsallake makunnin ya ba ta wuta kai tsaye, ta amsa, saboda haka laifin ba na kan sandar ba ne, ba kuma na fanel ba.

Sai yaron ya yi farat ya ce, "Baba, to a liƙe wayar haka nan mana, a huta da makunnin."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Jikana, in na yi haka, yau za ta yi kuka, gobe ta yi kuka, ranar da ka manta ba ka cire batir ba ta kwana tana sha. Juma'a ta zo ka ɗauko ta a mace, ka koma gidan jiya. Ba a maganin ciwon ido da ƙwaƙule shi."

Ya sake cire batirin, ya kawo wata farar leda ya sa hannuwansa da mariƙin a ciki, sannan ya ɓalle murfin makunnin da bakin reza. Da na tambayi dalilin ledar, sai ya ce akwai wani ɗan sifirin a ciki da bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasar rumfar nan har Mahadi ya bayyana ba za a gan shi ba. Ya zazzage kayan cikin a kan farar takarda: ɗan sifirin, da ɗan ƙarfen da ke lilo, da mazauninsa. Ya ba ni gilashin ƙara girma na duba. Wuraren da ya kamata su yi ƙyalli sun yi baƙi ƙirin, ga wani kore-kore a gefe, ga ƙura ta dunƙule da maiƙo kamar tukuɗi.

Ya ce, "Ka ga aikin hunturu da gumin hannu. Ƙura ta shiga, gumi ya bi ta da gishirinsa, suka haɗu suka yi wa ƙarfen riga." Sannan ya faɗi wata magana da ban taɓa tunaninta ba. Ya ce makunnin fitilar ɗaki yakan daɗe bai yi irin wannan ciwo ba, domin wutar da ke bi ta cikinsa mai ƙarfi ce, ɗan tartsatsin da takan yi yakan ƙone dattin. Amma wutar ƙaramin batir ba ta da ƙarfin huda ko da siririn datti, sai ta zo ta tsaya. Shi ya sa da farko in an danna da ƙarfi takan kama, domin matsin yatsa na murje dattin na ɗan lokaci.

Ya naɗe auduga a tsinken ashana, ya tsoma a sifirit, ya wanke kowane ɗan ƙarfe. Ya goge bakin da abin goge fensir, ya bi da guntun farar takarda har sai da takardar ta daina baƙi. Na ce ko a kawo sanfefa a gama da wuri? Ya girgiza kai ya ce akwai wani siririn shafe a kan ƙarfen da ke kare shi daga tsatsa, in aka kankare shi, yau zai yi ƙyalli, kafin damina ya ruɓe. Ya ɗan ja sifirin ɗin kaɗan don ya dawo da ƙarfinsa, ya mayar da komai mazauninsa, murfin ya ce ƙas.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ya sa mita a kan ƙafafun, yana dannawa yana girgiza makunnin da yatsa, sai allurar ta riƙa rawa. Ya sake ɗaukar gilashi ya duba bayan fanel, ya ce, "Ga ɓarawo na biyu." Dalmar da ta riƙe ƙafar tsakiya ta tsage zagaye kamar zobe, tsagar da ido kaɗai ba zai gani ba. Ya ce wannan kuma sakamakon danna ƙarfin da aka yi ta yi ne mako uku. Ciwo ɗaya da aka ɓoye ya haifi na biyu. Yaron ya sunkuyar da kai, tsohon kuwa bai ƙara ko kalma a kai ba. Da yake ba wuta a lokacin, sai ya ɗora ƙarfen narka dalmarsa a kan garwashin mai shayin da ke maƙwabtaka da shi, ya jira ya yi zafi, ya goge bakinsa, ya narka tsohuwar dalmar ya ɗiga sabuwa, ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ya bi sauran ƙafafun biyu ya yi musu haka. Allurar mita ta tsaya cak, ko an girgiza ba ta motsi.

Da ya ɗaure sukurori, sai ya ce mu fito waje, domin teburinsa na ƙarfe ne, rumfar kuma kwano, in aka gwada a ciki sandar za ta rikice. Wannan ya tuna mini da wani labari na tarihi. A 1881, bayan an harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro wayar tarho, ya kawo wata na'ura mai irin wannan aiki don a gano inda harsashin ya maƙale. Na'urar ta yi ta ba da sautin da ya ruɗa shi, sai daga baya aka gane cewa gadon da shugaban ke kwance a kai yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa. Daɗin daɗawa, likitan da ke kula da shi gefen dama kaɗai ya bari a duba, alhali bayan rasuwarsa a watan Satumba na shekarar, a gefen hagu aka sami harsashin. Na'ura ba ta da laifi, amma ba ta iya faɗa wa mutane kuskurensu ba. Har yau mai caje mutane a kan daɓen da aka zuba da rodi zai ji sandarsa na kuka in ya kai ta idon sawu, ko da mutumin ba takalmi ya zo.

A tsakiyar fili Baba ya gwada ta da abu uku. Mabuɗaina ta ji su tun daga nisan kusan taƙi guda. Reza sai da aka matso da ita kamar faɗin yatsa uku. Allura kuwa sai da ta kusa taɓawa. Ya ce da yaron ya lura da wannan, domin duk wanda ke kaɗa sanda nesa da jikin mutum kamar mai korar ƙuda, ko lafiyarta ƙalau aikin banza yake yi. Ya kunna ya kashe sau talatin yana ƙirgawa, gaba da baya, ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. Ya rubuta kwanan wata a 'yar takarda ya manna cikin murfin batir, ya ce a dawo da ita tare da 'yar'uwarta kafin ruwan farko. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce naira 200. Na biya, na kuma rubuta a littafin kwamiti. Duk tsawon shekarun da na yi ina riƙe da wannan littafi, ban rubuta kuɗin da ya fi wannan ƙanƙanta ba, ban kuma rubuta wanda ya fi shi nauyi ba, in aka tuna cewa sahun mutum sama da dubu ne ke bayan wannan ƙofa kowace Juma'a.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina nufin sanda ita ce tsaro. Ƙarfe kaɗai take ji, ba ta jin ƙamshin albarushi, ba ta kuma karanta zuciya. Amfaninta shi ne mugayen kayan nan da wuya su rasa batir, da waya, da ƙusoshin da akan cusa a ciki. Kuma ko ta yi kuka, wanda ke riƙe da ita shi ne mafi kusa da hatsari. Samari da yawa a ƙasar nan, 'yan agaji da 'yan sa-kai da masu gadi, sun rasa rayukansu a bakin ƙofa domin na ciki su tsira. Mafi ƙarancin haƙƙin irin waɗannan a kanmu shi ne kada mu tsayar da su a gaban mutuwa da mataccen kayan aiki a hannu.

In kuwa ana son a ga ƙarshen inda shirun na'ura ke kai al'umma, to a dubi Iraƙi. Wani ɗan kasuwa ɗan Ingila mai suna James McCormick ya yi shekaru yana sayar wa ƙasashe wata aba da ya kira ADE 651, wai tana gano bam daga nesa. Gwamnatin Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli a kanta, aka rarraba wa jami'an tsaro a shingayen Bagadaza. Da aka buɗe ta sai aka tarar ba abin da ke aiki a ciki, mariƙi ne kawai da eriya mai lilo, an kwaikwayo ta daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10. Amma abin mamaki, ba a daina riƙe ta a shingaye ba sai bayan da wata mota maƙare da bam ta tashi a unguwar Karrada a watan Yulin 2016, ta kashe kimanin mutum 300, sannan firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta. Tamu sandar ta gaskiya ce, tasu ta ƙarya, amma a cikin makonni ukun nan da makunninmu ya yi yana barci, da tamu da tasu duk ɗaya ne.

Saboda haka muka kafa wata 'yar ƙa'ida a ƙofarmu, wadda ba ta cin ko sisi. Kafin ɗan agaji ya caje mutum na farko, sai ya kai sandar kan ƙarfen bel ɗinsa, ya ji ta yi kuka a gaban shugabansa. Bayan kowane mutum goma ya sake. In aka tashi, a cire batir, a goge sandar da busasshen ƙyalle, a sa ta cikin leda a ɗaure saboda ƙura. A kuma ajiye sabon batir guda a aljihun shugaba. Da farko samarin sun ɗauke shi wasa, har suna tsokanar juna da shi, daga baya ya zame musu jiki, hannu na kai wa bel ba tare da tunani ba. Shi kuwa wancan yaro, shi ya zama mai kula da sandunan, ya kuma riƙa zuwa rumfar Baba da yamma in ya tashi daga ɗinki.

A yau, alhamdu lillahi, wurare da dama sun sassauta, sanduna da yawa na kwance cikin durowa, wataƙila da batir a cikinsu yana zubar da ruwa yana cin ƙarfe. Inda kuma ake amfani da su har yanzu, sau da yawa za ka ga mai gadi a gajiye yana shafa ta a jikin mutane kamar mai shafa turare, ba ya sauraron ko ta yi magana. Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. Duk ranar da aka shafa maka sanda a wata ƙofa, kana da mabuɗi ko waya a aljihu, ka ji ta yi shiru, kada ka yi murnar an huta da kai. Ka tsaya, ka matsa kusa da mai riƙe da ita, ka ce masa cikin ladabi ba tare da ka kunyata shi ba, "Ɗan'uwa, duba sandar nan taka, ina jin ba ta ci." Wataƙila batir ne, wataƙila ƙura ce a makunni, wataƙila kuma shi ma ya sani, tsoron faɗa yake yi, yana jiran wanda zai sauke masa nauyin. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin ƙofa da waɗanda suka rasu a cikin sahu, amin.